Kuɓewar Inna a Bokitin Fenti

Ƙwaya bakwai ne kacal a cikin ƙullin. Baba ya zo da su a aljihu ranar da muka ɗauko shi daga gidan lambu, bayan rasuwar Inna. Irin kuɓewarta ce, gajera mai jan baki, wadda ta shekara talatin tana zaɓa da hannunta. Babu irinta a kasuwa, na duba har na gaji.

Gidanmu hawa na uku ne, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida ba baranda. Ni tela ce, kekena na falo kusa da taga. Wata biyu Baba ya yi a kujera yana fuskantar bango, ga idon ya yi rauni, abinci kuwa loma biyu sai ya ture kwanon. Da na rage masa ƙugun wando karo na biyu, sai na ce a'a, wannan ba za ta yiwu ba. Na samo bokitan fenti na wanke su tas, maigidana ya hau mana da ƙasa da taki yana haki, muka shuka.

Biyar suka fito, kowace da bokitinta a jikin taga. Wallahi daga ranar Baba ya soma ci. Safe da yamma yana bin bango da kofinsa ya shayar da su, har hira yake musu. Ni dai sharaɗina ɗaya ne: kada ya ɗaga bokiti saboda bayansa, kada kuma ya sa hannu a ƙasar. Falon nan yadikan mutane ne ko'ina, ga farin leshi a shimfiɗe, wa zai biya in aka ɓata?

Sun kai min gwiwa lokacin da abin ya fara. Ran Talata da safe ta farko na tsaye ƙyam, kafin la'asar ganyenta duk sun zube. Na ce ƙishi ne, na juye mata ruwa. Washegari ta mutu murus. Na sa almakashi na datse ta daga gindi, na jefa a shara kafin Baba ya lura.

Maigida na fara kamawa. "Kai da maganin sauron nan naka! Fesawa kake kamar za ka kashe mu duka."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi. "Daga yau sauro ya ci mu, kuɓewa ta rayu."

Sauro ya ci mu sati guda, ta biyu ta bi 'yar'uwarta. Na ce fanka ce, na kashe fanka. Na ce rana ce ta yi kaɗan, na cire labule gaba ɗaya. Na sa tabarauna na zura zare a allura, na bi bayan ganye ɗaya bayan ɗaya ina neman ƙwari, ko ɗigo ban gani ba. Ta ukun ma haka ta tafi, lafiya lau da safe, da yamma ta langaɓe. Ita ma na datse ta.

Ashe Baba yana ƙirgawa da hannu. Kwanon abincinsa ya koma dawowa a cike. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in biyun nan suka tafi, ba kuɓewa kaɗai zan rasa ba.

Ran Asabar da rana sai ga ta huɗu ta soma sunkuyar da kai. Na ɗauko jug ɗin ruwa da sauri. Ina shirin zubawa Baba ya riƙe min hannu.

"Ajiye, Auta. Ina wadda ta mutu shekaranjiya?"

"Na zubar, Baba."

"Har da saiwar?"

"Na dai datse ta."

"Da almakashi," ya ce, ya ɗan yi murmushi. "Tela dai tela ce. Kai ni wurin kututturen."

Na kai shi. Bai nemi izinina ba, ya cusa yatsunsa cikin ƙasar har wuyan hannu, ya ja. Ko gardama ba ta yi ba, ta fito sulɓ. Saiwar da ya kamata ta zama fara ta koma baƙa, yana murzawa tana narkewa. Ya kai hanci. Ni ma daga inda nake na ji warin, irin na kwata.

"Wannan ba ƙishi ya kashe ta ba, nutsewa ta yi. In saiwa ta ruɓe, ganye ba ya samun ruwa ko da a kogi take tsaye. Ki gan ta kamar mai ƙishi, ki ƙara mata, ki ƙarasa ta." Ya shafa gindin bokitin, ya sake shafawa. "Ta ina ruwan yake fita?"

Da ƙyar na ce, "Ban huda ba, Baba. Har leda na shimfiɗa a ciki, don kada ya ɗiga a tayil."

Baba yana ba su ruwa irin na lambu, inda ƙasa ke shanyewa ta wuce da shi, ni kuma ina bi ina ƙarawa. Mutum ɗaya ne a gidan da yatsansa zai gane tun ranar farko, shi kuma na hana shi taɓawa. Na zargi maigida, na zargi fanka, ashe mai laifin na zaune a kan keke tana masifa. Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo.

"Kuka ba ya huda bokiti," in ji Baba. "Samo ƙusa ki ɗora a wuta."

Na gasa ƙusa a kan gas, na riƙo ta da filaya, maigida ya karkata bokitan biyun da suka rage, Baba da kansa ya laluba ya huda har ledar. Baƙin ruwa ya tsiyayo, ya bi tayil ɗina yana wari. Na kwashe leshin mutane na ɗora a kan gado, ruwan kuwa na bar shi ya tafi inda ya ga dama. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, ya zazzage jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya tsinke ruɓaɓɓun saiwoyi da farce, ya cakuɗa yashi. Rigarsa ta yi kaca-kaca. Rabon da in gan shi haka tun Inna na da rai.

"Ta huɗun ba za ta tashi ba," ya ce. "Ta biyar, mu gani. Akwai sauran abincin rana?"

Ta huɗun ba ta tashi ba. Ta biyar ta yi kwana tara ba a san inda ta dosa ba, Baba kullum yatsa a ƙasa kafin ya yarda a ba ta ko kurɓi. Ran na goma ta fitar da sabon ganye. Daga baya ta yi fure, ta yi 'ya'ya huɗu masu jan baki. Maigida ya fara lashe baki, Baba ya ce ko ɗaya ba za ta ga tukunya ba, na iri ne.

Da suka bushe ya fasa su a tafin hannunsa, ya zuba a tsohon ƙyallen Inna ya ƙulle. Na ɗauka aljihu zai mayar. Sai ya laluba hannuna ya danƙa min.

"Ke za ki riƙe yanzu, Auta," ya ce. "Kin riga kin san abin da ke kashe ta."