Kujerar Bayan Aji

Tun da ƙyanda ta tafi da idanun Mu'mina, Ketura ce ke karanta mata darasi. Benci ɗaya suke zama a makarantarsu ta Moduganari. Gaskiya Ketura ba gwanar karatu ba ce. Takan yi tuntuɓe a dogayen kalmomin Turanci, ta tsaya a tsakiyar shafi ta ɗauko gulmar ɗaurin ɗankwalin Malama Bintu, su yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Amma duk ajin nan ita kaɗai ce ƙawar Mu'mina, kuma karatun ne ya haɗa su.

Sai wata ƙungiya ta kawo waya mai karanta rubutu da murya. Kai, abu ya yi kyau! Mu'mina ta daina jiran kowa. A jarrabawar zangon ta zo ta uku, babanta har da yanka kaza.

Sai dai wayar ba ta riƙe caji, soket kuma ɗaya ne, can bayan aji inda aka jawo wutar sola. Malama Bintu ta mayar da Mu'mina can, da zuciya ɗaya.

Ketura takan biyo ta lokacin hutu. "Mu'mi, in karanta miki?"

"Bari in ƙarasa wannan tukuna."

Da, takun takalmi kawai Mu'mina za ta ji ta san mai zuwa. Yanzu kunnuwan a toshe suke da abin sauraro. Ketura ta zo, ta sake zuwa, tun tana magana har ta koma tsayawa shiru.

Wata Asabar saƙo ya shigo daga Ketura, wayar ta karanta shi: "Jiya na tsaya a gefenki har aka tashi, ba ki ji ni ba. An yi wa Baba canjin wurin aiki, mun koma Biu. Ki yafe mini kalmomin da nake ɓata miki."

Muryar ta karanta shi sumul, yadda take karanta darasin lissafi. Mu'mina ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, kukan baƙin ciki da haushin kanta.

Ranar Litinin ta bar wayar a gida. Ta lalubi tsohon bencinsu ta zauna. Yarinyar da aka ba wurin ta matsa mata. Malama Bintu ta fara rubutu a allo. Mu'mina tana jin ƙarar alli, babu wanda ya gaya mata abin da ake rubutawa.