Hoton Dzarma a Haikalin Buddha

Dzarma malamin gona ne da ke lura da manoman shinkafa a Zabarmari, gidansa kuma yana unguwar Ajilari a Maiduguri. A shekarar 1984 ma'aikatarsu ta tura shi kwas ƙasar Tailan. Wata Asabar aka kwashe shi da sauran 'yan kwas ɗin a mota zuwa Ayutaya, tsohon birnin da ke cike da haikalan mabiya addinin Buddha.

Ya yi ta yawo cikin kangayen jan bulo, yana duba gumakan da suka rasa kawunansu. Da rana ta take, jiri ya kama shi. Wani tsohon sufin Buddha mai askakken kai da mayafi ruwan goro ya ajiye tsintsiyarsa, ya nuna masa ya cire takalmi, ya ja shi cikin haikali, ya ba shi ruwa. Ba mai jin harshen wani. Dzarma ya zauna a kan dutse mai sanyi, gaban wani ƙaton gunki da ke kwance, har ya dawo hayyacinsa. Nan abokin tafiyarsa ya ɗauke shi hoto.

Da ya dawo Maiduguri, matarsa Rebeka ta kai hotunan taron zumuntar matan cocinsu don a gani. Kafin Lahadi magana ta zaga coci. Manasse, ɗaya daga cikin dattawan cocin, ya zo gida da kansa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, an ce ka durƙusa wa gunki."

"Baba, zama na yi. Rana ce ta buge ni."

"Takalmin fa?"

"Ba a shiga da shi, Baba. Ko masallacin maƙwabcina na shiga, ai cirewa zan yi."

Manasse ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon hoton. Ya tambayi tsawon gunkin, ya tambayi wanda ke ciyar da sufayen. Dzarma ya ce mutanen gari ne, kowace safiya.

"Ni na yarda da kai," in ji Manasse, "amma bakin mutane ya riga ya buɗe."

Majalisar dattawa ta dakatar da shi daga karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a har Kirsimeti. Rebeka ta yi kuka, ta ce laifinta ne. Dzarma ya ce ta bari, ya koma zama a bencin baya, kusa da taga. Da Kirsimeti ya zo aka kira shi, ya tashi ya yi karatunsa.