Fuskar Malam Adum a Shafin Farko

"Ku riƙe kansa! Kan na ce, ba ƙafa ba!" in ji Badung direba, yana tsaye a bayan a-kori-kurarsa. Mu uku muka ɗago Malam Adum muka shigar da shi ɗakinsa. Farar rigarsa ta ɓaci da jini da taɓo, takalmi ƙafa ɗaya babu. Matarsa Ashta ta tsaya a bakin ƙofa da hannu biyu a ka, ko kukan ma ta kasa.

"Me ya faru?" na tambayi Badung.

"A Tina Junction ne. Yana tsaye da kwandon burodinsa, sai wani ya ɗaga jarida ya ce ga shi nan, ga ɓarawon. Shi ke nan fa. Da ban zo wucewa ba, da sun gama da shi." Ya goge hannu a wandonsa, ya kalle ni. "Jaridarku ne, Labaran."

Ni na ɗaure wannan shafin da hannuna ranar Laraba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haɗa haruffa a wata 'yar jaridar Turanci ta mako-mako a nan Jos. Ba zan faɗi sunanta ba, ta mutu tuni, kuma ban yi mata kuka ba. Aikina in tsinci haruffan darma ɗaya bayan ɗaya in jera, in ɗaure shafi, a kai wa injin. Hoto kuwa sai an aika Kaduna an sassaƙo shi a kan farantin tutiya, an kafa a katako, muna ce masa bulok. Sai ya yi sati biyu bai dawo ba, saboda haka ba a yar da bulok. Akwai aljihun tebur guda da muke tara su: na gobara, na kasuwa, na wata mota da ta kife. Duk sanda aka yi hatsari a Filato, motar nan ɗaya ce take sake kifewa a jaridarmu.

Malam Adum ya sauka Tudun Wada a watan Maris na 1979, bayan yaƙi ya ɓarke a Injamena ta ƙasar Chadi. Daga shi sai matarsa sai akwatin ƙarfe ɗaya. 'Ya'yansu biyu samari sun ɓace musu a turmutsitsin tsallake kogi, ba su ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ya kama ɗakin da ke jikin nawa, ya gina tanderu da jar ƙasa a bayan gida, yana gasa dogon burodin nan irin na ƙasarsu. Kafin wata guda har daga gidajen ma'aikatan kuza ake aiko direba ya saya.

Ni na kawo masa mai ɗaukar hoto, kuma wannan ne ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Editanmu, Oga Benedict, ya ce yana son labarin 'yan gudun hijira, ni kuma da rawar kaina na ce ai ga ɗaya a gidanmu. Malam Adum ya yi murna ƙwarai. Ya naɗa rawaninsa, ya taje gashin baki, ya tsaya a rana yana ƙanƙance ido.

"Jarida yana tafiya nesa," ya ce da irin Hausarsa. "Wataƙila yarana ya gani, ya sani ina Jos."

Labarin ya fito a can ciki, ɗan ƙarami, babu laifi a cikinsa. Malam Adum ya sayi guda biyar. Bulok ɗin kuma ya shiga aljihun tebur.

A watan Yuni aka yi amai da gudawa a wata unguwa. Oga Benedict ya leƙo ɗakinmu na haɗa haruffa yana neman bulok, ya ce, "Labaran, kawo mutumin Chadi ɗin nan." Kanun labarin ya ce baƙi ne suka shigo mana da kwalara. Wa ya auna? Wane likita aka tambaya? Oho. A ƙarƙashin hoton ba suna, sai dai "ɗaya daga cikinsu". Direbobin nan ba su sake zuwa ba, maƙwabta ma suka koma burodin kanti. Daga ranar Malam Adum ya fara ɗaukar kwando a ka yana bin tashoshin mota, mutum mai furfura.

Ya tare ni a bakin famfo. "Malam Labaran, fuskana ya gaji. Ka cire shi."

"Sati mai zuwa, in sha Allahu," na ce.

A watan Yuli fuskar ta sake fitowa, wai baƙi sun cinye wa 'yan ƙasa ayyuka. A watan Agusta aka tare motoci a hanyar Kuru, wani fasinja ya ce kamar ya ga rawani a kan ɗaya daga cikin 'yan fashin. Wakilinmu ko Bukuru da ke kan hanyar bai kai ba, a mashaya ya tsinci labarin. Wannan karon shafin farko aka ba shi, da manyan haruffan da sai ka sa hannu biyu kake ɗaga su.

Na dai yi magana, don kada a ce ban yi ba. "Oga, mutumin nan maƙwabcina ne. Burodi yake gasawa."

"Wa ya rubuta sunansa? Hoto ne kawai, don shafi ya yi kyau. Kai dai ɗaure."

Na kuwa ɗaure. 'Ya'ya biyar gare ni, abin da nake gaya wa kaina ke nan, kuma wallahi har yau bai taɓa sa na ji sanyi ba.

Bayan dukan nan, Malam Adum ya ƙi yarda a kai shi asibiti. Ya ce za a tambaye shi takarda, daga takarda sai ɗan sanda, daga ɗan sanda sai a raba shi da Ashta. Muka kira mai ɗori, ya lalluba ya ce haƙarƙari uku sun karye, abin da ke ciki kuma Allah kaɗai ya sani. Ruwan Agusta ya yi ta tsiyaya, sanyi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Masu dubiya suka yi ta zuwa da kwanon kunu suna "sannu, Allah ya isa", su ɗin da suka hana 'ya'yansu taɓa burodinsa. Tir! Amma da wane baki zan zage su?

Ranar Litinin da la'asar ya aika Ashta ta kira ni. Yana kwance a gefe ɗaya, numfashi da ƙyar, leɓɓansa sun bushe.

"Malam Labaran, duka ba komai. Mutuwa ma ba komai." Ya huta. "Yarana. Idan yana Maiduguri, idan yana Kano, ya ga jarida. Zai ce babanmu ya zama ɓarawo."

"Haba, Malam Adum, wa zai yarda?"

"Tina Junction ya yarda." Ya kamo hannuna. "Ka rubuta sunana, Adum Jimet. Ka rubuta mai burodi ne, ba ɓarawo ba. Layi ɗaya. Kuma ka kawo mini fuskana."

Na ce gobe-goben nan. Na rantse masa da Allah.

Washegari da hantsi na shiga ofishin Oga Benedict ba tare da na ƙwanƙwasa ba. Ya saurare ni har na gama, yana juya biro a hannu.

"Na ji tausayi, Allah ya sani," ya ce. "Amma gyaran me za mu buga? Ba mu ce shi ne ba. In mun sa sunansa yanzu, mun amsa laifi ke nan, lauya ya zo." Ya turo mini wata takarda. "Ka san ta satin da ya wuce an saye ta kaf kafin azahar? Ga na wannan satin, ka fara haɗawa. Bulok ɗin yana nan, ko?"

Na karanta. Wai jama'a sun yi maganin wani baƙo da ake zargi a Tina Junction. Kai, duniya! Dukan da muka jawo masa ma ya zama labarinmu.

Da ni jarumi ne da na kife masa teburin. Ban yi ba. Na ce "to, Oga", na koma ɗakinmu, na jira aka fita cin abinci, na buɗe aljihun tebur na zare bulok ɗin na sa a aljihu kamar ɓarawo. Na hau bas zuwa Tudun Wada ina ta tsara ƙaryar da zan yi masa a kan layin nan ɗaya.

Ƙaryar ma ban samu yin ta ba. Tun daga kan kwana na hango tabarmi a ƙofar gida. Ashta ta ce da sassafe ya tambaya ko na tafi, da hantsi ya tambaya ko na dawo, daga nan bai sake magana ba.

Mu goma sha biyu muka kai shi makwancinsa, har da Badung da ya tsaya daga nesa da hula a hannu. Ranar Juma'a jarida ta fito da labarinta, ba ta fasa ba. Da suka nemi bulok suka rasa, sai suka ɗauko na wani makiyayi mai rawani da aka ɗauka a kasuwar shanu shekara biyu da suka wuce. Mutuwar Malam Adum kuwa ko harafi ɗaya ba ta samu ba.

Bayan sadakar uku na sami Ashta zaune a bayan gida kusa da tanderun da ya huce. Na miƙa mata bulok ɗin, na ce ga abin da ya ce in kawo. Ta juya shi sama da ƙasa. A kan tutiya fuska dishi-dishi take fitowa, kuma a juye.

"Hotonmu duka ya ƙone a can," ta ce. "Jarida kuma ni na ƙona." Sai ta ɗago. "Kana iya fito da shi? Shi kaɗai. Ban da rubutu."

Akwai ragowar tawada a wani gwangwani a ɗakina. Na shafa ta a kan tutiyar da ɗan tsumma, na ɗora farar takarda, na bi ta da bayan cokali a hankali, daga rawani har gemu. Da na ɗaga, ga shi nan yana ƙanƙance ido a rana, sama fari, ƙasa fari.

Ta karɓa ta gefe-gefe da yatsu huɗu don kada ta taɓa tawadar. Ta ɗora a kan gwiwarta, tana hura masa iska a hankali har ya bushe.