Baƙon Ranar Alhamis

Tun da aka binne Kanar Garside, Mista Ambrose Tolland bai fasa zuwa shan shayi gidan ranar Alhamis ba. Ita kuwa Winifred, matar mamacin, murmushin leɓe kawai take tarbarsa da shi.

Duk gundumar an san Tolland. Ubansa ya bar masa masaƙu da gonaki, ya rasa yadda zai yi da ranakunsa, sai ya mayar da tonon asirin mutane abin yi. Shi ba ɗan sanda ba, ba ya karɓar ko sisi, amma shi ya gano wanda ya zuba wa matar limamin coci guba, kuma a dalilinsa aka rataye wani likitan ƙauye. Sufeton 'yan sanda yana cire masa hula yana zaginsa a ciki. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda zai tambaye ka lafiyar karenka, ka koma gida kana tunanin me ka faɗa masa.

Kanar ya mutu ne wurin farautar dila. Majayin da ke ɗaure sirdinsa ya tsinke doki na tsallake shinge, ya faɗo ta ka. Masu bincike suka ce tsautsayi ne, fata ce ta tsufa. Abin da ba su sani ba shi ne da safiyar ranar Winifred ta hango ɗanta Edmund ta taga yana fitowa daga barga, yana cusa wani abu a aljihu, alhali ba shi da abin yi a can. Ana gobe farautar kuma uban ya mare shi a gaban baƙi. Ba ta taɓa tambayarsa ba, don tsoron amsar take yi. Shi kaɗai ta haifa, kuma ta san inda ake kai wanda ya kashe ubansa.

To ga Tolland duk mako a kujerar kusa da murhu, yana shafa wa burodi man shanu yana tambaya. Edmund zai zauna a gida ne in ya gama jami'a, ko London zai nufa? Ita fa, ranta na tare da gidan nan sosai? Wata rana har ya tambaye ta, idonsa a cikin kofi, ko Kanar ya riƙe ta da mutunci. Ya saya wa Edmund sandar kamun kifi, suka tafi kogi tare, suka dawo a jiƙe suna dariya. Winifred ta tsani dariyar nan. Ta ji labarin shi ma likitan da aka rataye sai da Tolland ya yi wata da watanni yana buga kati da shi. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

"Mama, wannan bawan Allah ba shi da butar shayi a gidansa ne?" in ji Edmund wata Alhamis bayan motar Tolland ta fita. Ta ƙura masa ido tana neman alamar tsoro a fuskarsa, ba ta samu ba, wannan ma ya ƙara tayar mata da hankali.

Makon da ta cika shekara da rasuwar Kanar ta cire baƙaƙen kayan takaba ta sa masu ruwan toka, Tolland ya zo kafin lokacin shayi. Bai zauna ba, bai kalli kek ɗin ba. Ya roƙi a sallami 'yar aiki a rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Hannunsa na dama na cikin aljihun kwat, goshinsa na naso.

"Misis Garside, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ba a yi wa mace irinta tana cikin baƙi, shi ya sa na jira. Da safen nan na fara samun Edmund, tunda shi ne namijin gidan yanzu."

Ta taga tana iya ganin ɗan nata a farfajiya yana jefa wa kare sanda.

"Ku rabu da yaron nan, Mista Tolland," ta ce. "Ni na yanka majayin. Ni kaɗai. Bai san komai ba."

Tolland ya dube ta.

"Wa ya ce yanka shi aka yi?"

Sai ya zaro hannun daga aljihu, da ɗan ƙaramin akwatin zobe a ciki. Ya dube shi kamar wanda aka ba ajiyar da bai san mai ita ba, ya mayar.

"Aurenki na zo nema, Winifred. Edmund ma ya ce ya amince."

Ta buɗe baki ta ce ruɗewa ce, baƙin ciki ne, ba ta san abin da take faɗa ba. Amma magana zarar bunu ce. Tana kallo fuskar nan mai kunya ta ɗazu ta sauya, nason ya bushe, muryar ta koma sanyinta na kullum. Tausayinta yake ji, ta ga hakan ƙarara, ta kuma ga tausayin ba zai hana shi komai ba.

"Ta wane gefe kika yanka, hagu ko dama?"

"Hagu," ta ce.

"Ni na fara isa wurin dokin ranar," in ji shi a hankali. "Ta dama ya tsinke."

Ya ɗauki hularsa daga kan teburi. Maimakon ƙofar da ke kai wa ga motarsa, sai ya buɗe ta lambu, ya sauka farfajiya. Edmund ya hango shi ya taho da sauri yana washe baki, ya miƙa masa hannu zai yi masa barka.