Girar Malama Mahlalela

"Juya kujerarki ta fuskanci bango," in ji Mista Shongwe, jami'in da ofishin ilimi na gunduma ya turo ya sa ido a jarrabawa.

Malama Mahlalela ta dube shi sama da ƙasa. Shekara ashirin da biyu tana koyar da Turanci a wannan makaranta ta garin Komatipoort da ke kusa da iyakar Mozambik, ba wanda ya taɓa sa ta kallon bango.

"Laifin me na yi?"

"Ke ba ki yi komai ba, Yaya. Girarki ce. Labarinta ya kai har ofishinmu."

Ba ƙarya ya yi ba. Dokar gunduma ta ce ɗalibin da Turanci bai zauna masa ba a ƙara masa minti goma sha biyar a kowace awa, a kuma ba shi mai karanta masa tambaya sau biyu, ba fassara, ba bayani. Malama tana bin dokar nan sau da ƙafa, bakinta bai taɓa ƙara ko harafi ba. Amma idan tana karanto amsoshi huɗun da ake zaɓa, ta zo kan wadda ranta ya kwanta da ita, sai girarta ta hagu ta yi sama kamar an ja ta da zare. Ita dai ta rantse ba ta san tana yi ba.

Wadda za a karanta wa yau ita ce Felismina, yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta zo bara daga Mozambik, da harsunan Fotugis da Shangaan a bakinta. Ubanta mai saran rake ne, kuma ya riga ya yanke magana: in ta sake faɗuwa lissafi, za ta koma gidan gwaggonta a tsallaken iyaka, karatu ya ƙare. Zango uku a jere tana faɗuwa. Malama ta ja kujerar tana jin tausayin yarinyar har cikin ranta. Da gira ma ta faɗi, ina ga babu?

Aka fara. Malama tana karanta wa bango tambaya, girar tana tashi tana sauka, ba mai kallonta sai wata tsaka da ke maƙale kusa da taga. A tambaya ta tara ta kasa daurewa, ta ɗan yi gyaran murya.

Mista Shongwe ya miƙo mata ruwa ta gefen kafaɗa. "Sha, Yaya. Tarin ma an ba mu labarinsa."

Ta sha, tana hararar bango. A bayanta fensir yana ta gudu, abin da ya ƙara tayar mata da hankali, don a saninta mai saurin rubutu a lissafi caca yake yi. Tana gama karanta ta arba'in, ko ƙarin lokacin ba a shiga ba, ta ji yarinyar ta miƙa takarda. Shi ke nan, ta haƙura ke nan, in ji Malama a ranta.

Ko shayi da magwinya, wato fanke, da aka kawo ofishin malamai ba ta taɓa ba. Mista Shongwe ya cinye nasa ya haɗa da nata. Bayan an tashi, malamin lissafi ya ɗago kai daga takardun da yake dubawa.

"'Yarki ta ci talatin da huɗu cikin arba'in."

"Duba sunan da kyau."

"Na duba sau biyu, kamar yadda doka ta ce."

A bakin ƙofar makaranta ta cim ma Felismina tana jiran motar gonar rake. Ta gaya mata sakamakon, yarinyar ta rufe fuska tana dariya.

"To faɗa mini, 'yata, ina kika ɓoye wannan ƙoƙari zango uku?"

Felismina ta sunkuyar da kai. "Kada ranki ya ɓaci, Malama. Lissafi na iya shi tun a can gida, Turancin ne ke ba ni wahala, kuma in kin karanta ina ganewa. Amma sai in samu amsata, in ɗago in ga girarki ta tashi a kan wata daban. Sai in goge tawa."

"Don me?"

"Ke ce babba. Ya za a yi ki wahala ki nuna mini, ni kuma in ƙaryata ki?"

Malama ta tuna ita kanta da ƙyar ta tsallake lissafi a zamaninta, sai a karo na biyu.

"Yau fa, da kin gani, da sau nawa na dace?"

"Ban gani ba, Malama. Amma a zangon da ya wuce kin ci goma sha ɗaya cikin arba'in."

Kunya ta rufe Malama, dariya kuma tana cin ta. Motar ta iso tana hon, yarinyar ta ɗauki jakarta.

"Ki gaida babanki," in ji Malama. "Ki ce ina nan zuwa ranar Lahadi. Gara ya ji daga bakina ko wace ce ta yi ta faɗuwa."