Hawan Ludayi a Tidbury

Ranar Laraba, saura kwana huɗu bikin Ista na shekarar 1617, Tamsin Hobday ta fasa wa mijinta Giles goshi da ludayin ƙarfen da take kwashe maiƙon madara. Ba shi ne karon farko ba. Bambancin kawai, wannan karon a tsakar gida aka yi, ƙofa a buɗe, ranar kasuwar Tidbury, a gaban mutum tara da suka zo sayen cuku.

Wanda hankalinsa ya fi tashi ba Giles ba ne. Maƙwabcinsu ne, Ambrose Pinchin, tela.

Al'adar garin ba ta da sarƙaƙiya. Idan mace ta doki miji har jama'a suka shaida, sai an yi hawan ludayi. A ɗora namiji kan goɗiya yana fuskantar wutsiya, a miƙa masa mazari ya riƙe, wani ƙato ya sa rigar mata ya hau tare da shi yana jibgarsa, a zagaya gari da kiɗan tukwane. Sai dai ba mijin ake ɗorawa ba, shi ya riga ya karɓi rabonsa. Maƙwabcin da gidansa ke manne da nasu ta ɓangaren coci ake ɗorawa, tunda yana ji bai tsawata ba. Haka kakanni suka tsara, kuma sun mutu kafin a samu damar tambayarsu.

Shekara goma sha ɗaya Ambrose yana tuna wa mutane cewa daga ƙofarsa zuwa ta coci taku tamanin ne. Cikin shekarun nan, duk lokacin da aka fara kokawa a bayan bango sai ya ɗaga murya da waƙar coci, masu wucewa kuwa su yaba da tsoron Allahnsa. Yanzu ga Talata ta gabato, ranar da dattawa goma sha biyu za su zaɓi sabon wakilin coci, mai riƙe makulli da sanda, mai zama a bencin gaba. Ambrose ya daɗe yana nema. Ya daina leƙa gidan giya, ya ɗinka wa teburin coci mayafi kyauta, ya ɗinka wa kansa baƙar kwat. Hawan kuwa ranar Litinin aka sa shi.

Ya fara da Giles. Ya same shi a bakin masaƙa, ganyen kabeji ɗaure a goshi, yana fito. Ya roƙe shi ya rantse daga tsani ya faɗo.

"Maƙwabci, ni ba ni da tsani."

"Sai in ara maka."

"To mutum taran fa? Su ma tsanin za ka ara musu?"

Giles ya ƙara da cewa bai taɓa kallon hawan ludayi daga wuri mai kyau ba, kullum ƙeyar mutane yake gani, amma bana tagarsa ce za ta fi kowace.

Tamsin tana matse cuku Ambrose ya shiga wurinta. Ya zaɓi kalmomi masu laushi, ya tsaya inda hannunta ba zai kai ba, ya nemi ta ce wa limamin coci kuskure ne, ludayin ne ya suɓuce. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa auna abu ta kuskure ba, kuma ba za ta ɓata sunanta don kwat ɗin wani ba.

"Maigida Pinchin, shekara goma sha ɗaya kana rera mana waƙa ta bango. Da ka ƙwanƙwasa ƙofa ko sau ɗaya, wataƙila da na ji kunya. Muryar nan taka kuwa ƙara mini ƙarfi take yi."

Da ya je wurin limamin, limamin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce shi bai san wannan al'adar jahilci ba, ba ya kuma son ya sani. Da Ambrose ya kai ƙofa sai limamin ya tambaye shi ko ta gaban gidansa za a bi.

Saura Lancelot Dowse, mahauci, wanda ke shirya hawan kuma shi ke sa rigar matar. A nan Ambrose ya ɗauko shari'a. Ya ce in aka bi ta hanyar gona, gidan da ke ɗaya gefen su Hobday ya fi nasa kusa da coci, a auna a gani. Dowse ya yarda nan take, don ranar Asabar ba shi da abin dariya. Aka ɗauko igiya, rabin gari ya biyo. Ta hanyar gona aka samu taku ɗari da arba'in da kududdufi ɗaya. Daga ƙofar Ambrose aka samu saba'in da shida.

"Ka ga, tela," in ji Dowse, yana naɗe igiya, "ashe ka fi yadda kake faɗa mana kusa da Ubangiji. Ka zo da wuri, goɗiyar ba ta son jira."

Waɗanda aka ɗora a baya sukan shafa baƙin tukunya, su sha giya su ƙoshi, su yi ta gwalo da ihu, washegari kowa ya manta da su. Ambrose ya ga wannan zubar da mutunci ne. Ya yanke shawarar nuna wa gari cewa jikinsa kawai ke kan dabbar. Ranar Litinin ya sa baƙar kwat, ya taje gemu, ya hau ya miƙe ƙirji, ya riƙe mazarin kamar sandar wakili, yana duban wutsiya da fuskar mai jana'iza. Tsofaffi sun shaida daga baya cewa tun suna yara ba su ga hawa mai kyau irin wannan ba.

Dowse ya cusa matashin kai biyu a ƙirjin rigarsa. Ludayin kuwa na ainihi ne, Tamsin ce ta ara masa, wai don kada a yi ƙarya. Aka bi ta kasuwa, aka bi ta gaban gidan liman, inda labule ya motsa. Da aka tsaya a ƙofar su Hobday don a kunyata su, sai ga mata da miji a taga kafaɗa da kafaɗa, suna cin burodi da cuku. Giles ya ɗaga wa Ambrose hannu. Tamsin ta kalli bugu uku da Dowse ya yi, ta girgiza kai.

"Lancelot, da wuyan hannu ake yi, ba da kafaɗa ba."

Dowse ya gyara.

Ranar Talata dattawa suka zauna. Duk sun yarda Pinchin ba shi da laifi, mutumin kirki ne, mayafin teburin ma ya yi kyau. Sai ɗaya ya tambaya, idan ya ɗauko sanda ya nufi gaban coci, da gaba zai tafi ko da baya. Aka dakatar da zama na ɗan lokaci. Da aka dawo, aka amince aikin na bukatar mutum mai haƙuri, marar ɗaga murya, wanda ba a gan shi cikin wani abin kunya a titi ba a bana. Tara cikin goma sha biyu suka zaɓi Giles Hobday.

Giles ya yi godiya, ya karɓi makulli, ya miƙa wa matarsa ta ajiye, don shi yakan yar da abu. Ranar Lahadi ita ta buɗe coci. Ambrose ya zauna a benci na huɗu, a karkace, don ɗaya gefen bai warke ba.