Ajin Masu Laifin Titi

A ƙasar nan lasisin tuƙi da maki goma sha biyu yake zuwa. Kowane laifi a zare maka wasu, ranar da suka ƙare a karɓe lasisin. Ni cikin wata bakwai na zubar da goma. Huɗu sun tafi ranar da Inna ta kira ni ina kan sitiyari na kasa ƙin ɗauka. Uku na tsayawa ne kan jan layin bakin titi, inda aka hana, don wata tsohuwa da ruwa yake duka da kaya a hannu. Sauran na hon ne. A gida da hon muke gaisawa, a nan laifi ne in ba haɗari ka gani ba.

Ogan gidan wankin da nake kai wa zannuwan otal ya ajiye mini wasiƙar hukuma a kan tebur.

"Kwana uku za ka yi a aji, ka ci jarrabawa su bar maka lasisinka. In ka faɗi, ka kawo mini makullin motata."

Tun da na gudu daga makaranta ban sake zama kan benci ba. Ba wanda zan gaya wa tsorona. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ina shigowa yana fita, tawul ɗinsa na fi sani a kan fuskarsa.

Mu tara ne a ajin, a hawa na biyu, ɗaki mai warin sabon fenti. Malama ta ce kowa ya tashi ya faɗi laifinsa. Da na faɗi nawa, wani dattijo mai jan tirela ya kwashe da dariya har da buga tebur.

"Kai ɗana, mota kake ja ko gidan biki? Kowa ka gani sai ka gaishe shi?"

"Baba, kai me ya kawo ka?"

"Gudu. Shekara talatin ina sauri, har yau ban isa ba."

Wata mai tasi ta ce, "Rabu da shi, Mai Hon. Tsohon nan kyamara ta fi matarsa yawan hotunansa."

Sunan ya bi ni. Rabona da a yi mini suna tun ina gida.

Da hutun rana Baba ya lura takardata fara ce fat. Bai tambaye ni komai ba. Ya jera murafen kwalba a kan tebur, ya mai da cokali ɗan sanda, ya ce, "Ga mahaɗa. Wa zai fara wucewa?" In na kuskure ya ɗalle mini kunne. Haka muka yi kwana uku, muna raba burodinsa, mai tasi tana yi mana alƙalanci.

Na ci jarrabawar da ƙyar. Malama ta buga hatimi, ta ce duk wanda ya shekara ba laifi za a mayar masa da makinsa, amma ni kuskure ɗaya ya isa ya raba ni da lasisi. Na tsaya sa hannu a takarda. Kafin in sauko kowa ya watse, sai mai shara tana kife kujeru. Ko lambar Baba ban karɓa ba.

Bayan sati biyar, da hantsi, danja ta tsayar da ni a gaban asibiti. Ina ɗaga kai sai ga tirela a ɗaya hannun, ga Baba da hularsa ta ulu, yana kallon gabansa. Layi uku ne tsakaninmu. Na sauke gilashi na ɗaga hannu, na kira shi, ƙarar injuna ta haɗiye muryata.

Tafin hannuna ya sauka kan hon. Sau biyu kawai, gajeru, zai san ni ne. A saman kaina ga allon da aka zana ƙaho aka soke shi da jan layi, kusa da shi kyamara. Maki biyu suka rage mini. Na tuna makullin oga, na tuna Inna.

Ban danna ba. Wuta ta ba su hannu, tirelar ta ja a hankali, ta wuce ni ta sha kwana. Na bi ta da ido a madubi har wata bas ta rufe ta.

Na ɗaga gilashi. Zannuwan otal suna jira a baya, na sa giya.